Yadda na leƙa maƙalar allurar maleriya kafin na zauna karanta ta

Assalamu alaikum. Wannan rubutun na 'yan uwana ne ma'aikatan lafiya na matakin farko, da ɗalibai, da duk wanda aka taɓa miƙa wa takardar turanci mai kauri akace gashi nan ka karanta kazo kayi mana bayani. Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibiti a jihar Kebbi, yawancin aikina awo ne da rigakafin yara, kuma abun da zan bada labari ya faru ne a ƙarshen 2024 lokacin da ake shirin fara allurar rigakafin maleriya a jiharmu da jihar Bayelsa.

Duk wanda yake aiki anan yasan abun da maleriya take mana. Binciken ƙasa da akayi a 2021 ya nuna a Kebbi kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada jininsu an samu ƙwayar cutar, mu ne kan gaba a duk Najeriya, alhali na ƙasa baki ɗaya kashi 22 ne. Mu kam ko ba takarda mun sani, daga Agusta zuwa Oktoba benci baya isar mata masu goyo. Toh da akace allura na tafe munyi murna sosai, amma munsan matan da zasu kawo yaran sai sunyi tambaya, mazajensu kuma sun fisu tambaya. Sai ogarmu tace a mitin ɗin wata tana so mutum ɗaya ya karanto ainihin binciken da akayi akan allurar, ba 'yar takardar wayar da kai da ake rabawa ba, ainihin maƙalar da masu binciken suka rubuta, yazo ya warware mana. Ta dube ni tace "Sista ke zaki ɗauka." Nace to ranki ya daɗe.

Maƙalar a mujallar The Lancet ta fito a watan Fabrairun 2024, shafi goma sha wani abu, rubutu ƙanana ƙanana kuma kowane shafi an raba shi gida biyu, a waya sai kin dinga ja kina buɗawa kina matsewa har ido yayi ruwa. Dan haka na kai shagon kwamfuta aka firinta min. Wannan shawara ce ta farko da zan baiwa kowa, in dai abun mai muhimmanci ne kuma kina da kuɗin firintin ki cire shi a takarda, saboda leƙen da zan yi bayani yana buƙatar juya shafi gaba da baya da sauri, da biro a hannu.

Yawancinmu in an bamu irin wannan takarda daga layin farko muke farawa da bismillah mu gangaro, gabatarwa ta wuce lafiya, sai a shiga bayanin yadda akayi binciken, nan ne turanci ke yin nauyi, lambobi da haruffan da ba'a saba gani ba, kafin akai shafi na huɗu barci ya ɗauke mutum ko ya ajiye yace gobe. Kuma amsar da yake nema tana can shafi na bakwai bai ko kai ba. Wani malaminmu a makarantar koyon aikin lafiya, Allah ya saka masa da alheri, shi ya hana mu wannan. Yace kada ku karanta maƙala sai kun zagaya ta. Ya bamu labarin wani malamin jami'a a Amurka, Francis Robinson, wanda a 1946 ya fitar da tsarin karatu da ake kira SQ3R, matakai biyar ne, ka leƙa, ka yi tambaya, ka karanta, ka maimaita da ka, sannan ka yi bita. Biyun farko duk kafin karatu ake yinsu. Ni da naji haka abun bai zame min baƙo ba, dan a Islamiyya malamarmu bata yarda kizo darasin fiƙihu baki yi muɗala'a ba, ki duba babin da za'a karanta tun a gida, ki ga ina ya faro ina ya tsaya, ki san kalmomin da zasu tsaya miki a wuya, ta yadda in malama ta fara fassara kunnenki ya riga yasan inda zai kasa.

Kafin in buɗe takardar ma sai da na ɗauki fallen takarda na rubuta tambayoyin da nasan za'ayi min a layin rigakafi, da Hausa, yadda matan zasu faɗa. Sista tana aiki kuwa? Tana sa zazzaɓi? Sau nawa za'a kawo shi? In anyi masa shikenan mun huta da gidan sauro da maganin damina? Da kuma wacce maza sukafi yi, waye ya haɗa ta kuma akan 'ya'yan wa aka gwada. Na ajiye fallen a gefe, dan in na shiga takardar in san me na shigo nema.

Sai kan maƙalar. Kan maƙalar bincike dogo ne da gangan, kuma mutane tsallake shi suke kamar sunan shago, alhali rabin labarin yana ciki. Na tsaya na rarraba shi gaɓa gaɓa. Ya faɗi sunan allurar, R21/Matrix-M. Ya ce abu biyu aka auna, rashin illa da kuma ingancin aiki, kuma rashin illa suka fara ambata. Ya ce akan yaran Afirka ne. Ya ce a cibiyoyi da yawa akayi ba wuri ɗaya ba. Ya ce an raba yaran ne ta hanyar ƙuri'a, ba wai likita ya zaɓi wanda yaga dama ba, kuma an rufe wa kowa ido, daga iyaye har masu duba yaran babu wanda yasan wane yaro aka yiwa wace allura. Sannan yace mataki na 3 ne, wato babban gwajin da ake yi akan dubban mutane kafin a saki magani. Kunga daga layi biyu na samu rabin amsar tambayar maza, kuma nasan irin takardar da ke hannuna, gwaji ne na gaske ba ra'ayin wani ba.

Ƙarƙashin kan akwai jerin sunayen marubuta, su da yawa, ban tsaya haddace su ba, inda suke aiki na duba a gefen shafi. Jami'ar Oxford a Ingila, cibiyoyin bincike a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya, da kamfanin Serum Institute na Indiya wanda shi ke sarrafa allurar. Anan na ɗauki biro na rubuta a gefe, babu Najeriya a ciki. Ba dan raina aikin ba, a'a, dan nasan wani zai tambaya kuma gara in shirya, kuma ya zama dole in na zo karatu in duba wanne daga cikin wuraren nan ne yanayinsa yayi kama da namu.

Daga nan sai tsakure, wannan taƙaitaccen bayanin da ke shafin farko. Ita wannan mujallar tana yanka tsakurenta gida biyar, dalilin binciken, yadda akayi, abun da aka samu, fassarar abun da aka samu, da wanda ya bada kuɗi. Ni daga ƙasa nake farawa. Na karanta fassarar tukunna, layi uku ko huɗu ne, masu binciken suna cewa yara sun jure allurar kuma tayi aiki sosai wajen kare su daga zazzaɓin maleriya. Na duba masu bada kuɗi, naga kamfanin da ke sarrafa allurar yana ciki tare da gidauniyar Wellcome Trust da wasu. Sannan na hau sama wurin abun da aka samu, shima ba karanta shi nayi a nutse ba, lambobi kawai na dinga zagayewa da biro. Kuma anan ne leƙen ya fara biyana, dan abun da ke yawo a rediyo da WhatsApp lamba ɗaya ce, kashi 75, kowa kashi 75, amma a tsakuren naga 75 naga 68 naga 79 naga wani 75 ɗin daban. Haka adadin yaran, a labarai ana cewa 4,800, ni kuma naga 5,477 naga 4,878 naga 3,103 da 1,541. Ban tsaya warware su a lokacin ba, wannan shine abun da yake da wuya a leƙe, zuciya tana so ta tsaya ta tona amma sai kin hana ta, na rubuta a fallena, me yasa ingancin ya kasu, kuma wanne ne namu? Me yasa adadin yara ke raguwa? Na wuce.

A shafi na biyu akwai wani akwati da suke sakawa mai kashi uku, abun da aka sani kafin wannan binciken, abun da binciken ya ƙara, da abun da hakan ke nufi. Shi kam na karanta shi duka dan gajere ne kuma turancinsa yafi sauƙi, an rubuta shi ne dan irinmu. Shi ya tuna min cewa akwai allurar da ta riga wannan, RTS,S, wacce aka fara yiwa yara a Gana da Kenya da Malawi tun 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2021, ita R21 sai a Oktoban 2023 hukumar ta amince da ita. Duk maƙalar da kika samu da irin wannan akwatin kada ki tsallake shi.

Sai na fara juya shafuka ina karanta ƙananan kanu kawai, waɗanda aka rubuta da baƙin rubutu mai kauri. Tsarin binciken da waɗanda suka shiga, yadda akayi ƙuri'a da rufe ido, yadda akayi allurar, abubuwan da aka auna, lissafi, rawar da masu bada kuɗi suka taka, sakamako, tattaunawa. Wannan bai ɗauke ni komai ba amma shi ya bani taswira. A gefen kowane kai na rubuta lambar tambayar da nake zaton amsarta tana wurin, tambayar sau nawa na ajiye ta a wurin yadda akayi allurar, tambayar zazzaɓi na ajiye ta a sakamako, tambayar me suke nufi da yaro ya kamu da maleriya na ajiye ta a abubuwan da aka auna. Sashen lissafi na ja masa layi a gefe nace kai sai in da buƙata. Kusan duk maƙalun binciken lafiya haka aka gina su, gabatarwa, hanya, sakamako, tattaunawa, in kika saba da ginin sau ɗaya duk wacce kika ɗauka kinsan ƙofar da zaki bi.

Inda nafi daɗewa shine zane zane da jadawali, kuma ina ganin nan ne yakamata kowa ya daɗe. Zane na farko a irin wannan gwajin akwatuna ne da kibiyoyi suna gangarowa, sama adadin yaran da aka tantance, ƙasa waɗanda suka kai ƙarshe, gefe kuma waɗanda suka fita da dalilin fitarsu. Ina ganinsa tambayata ta adadin yara ta fara warware kanta, 5,477 waɗanda iyayensu suka yarda a tantance su ne, 4,878 suka samu allurar farko, sannan 3,103 na ɓangaren R21 da 1,541 na ɗaya ɓangaren sune aka yi babban lissafin dasu. Wallahi wannan zanen ya taɓa ni, saboda aikinmu ne na kullum, yaro yazo allurar farko ta biyu shiru, an koma gona ko anyi tafiya ko uwa ta haihu, ashe har a gwajin da ake bin yara gida gida ana samun masu zubewa, ina ga mu da kati kawai muke bayarwa muce ki dawo wata mai zuwa. Na kuma lura ɓangare ɗaya ya ninka ɗayan, wato duk yara uku biyu R21 aka yi musu. Sai jadawalin farko da ke jera yaran ɓangarorin biyu, shekarunsu da maza nawa mata nawa, dan a ga ko sunyi daidai da juna tun farko. Sai zanen layuka biyu da suka taso tare suna tafiya suna rabuwa, ɗaya na waɗanda aka yiwa allurar ɗaya na waɗanda ba'a yiwa ba. Ban karanta bayanin cikin shafi ba, rubutun da ke ƙarƙashin kowane zane kawai na karanta, da abun da aka rubuta a gefe da ƙasan zanen dan in san me ake aunawa. Ko wanda baya jin turanci ya kalli layukan nan yasan akwai bambanci.

Daga nan na tsallaka can ƙarshe. Sakin layin farko na tattaunawa, dan anan marubuta suke faɗin abun da suke ganin sun gano da bakinsu, sai na bi da ido ina neman inda suka faɗi gazawar aikinsu, duk maƙalar kirki tana da wannan wurin kusa da ƙarshen tattaunawa, na sa masa alama. Sai wani ɗan sashe da ƙananan haruffa wanda kusan babu mai karantawa, inda marubuta ke bayyana alaƙarsu da abun da suka bincika. Anan aka faɗa ƙarara cewa wasu daga cikinsu ma'aikatan kamfanin ne, wasu kuma sunansu na cikin takardun mallakar fasahar allurar. Ni a wurina wannan bai rushe aikin ba, an rufe ido anyi ƙuri'a kuma hukumomi daban daban sun duba, harda NAFDAC da ta amince da allurar tun Afrilun 2023, amma haƙƙin mai karatu ne ya sani, kuma gara in sani tun kafin in karanta sakamakon da in ji shi daga bakin wani a tsakiyar mitin.

Duk wannan zagayen bai wuce tsakanin magariba da isha'i ba. Da na gama sai na kife takardar, na kira ƙanwata da ke zaune wurina nace zo ki ji, na gaya mata da Hausa abun da maƙalar ta ƙunsa ba tare da na duba ba. Gwaji ne akan yara 'yan wata 5 zuwa 36 a ƙasashe huɗu, an raba su biyu, an bi su shekara guda, allurar tayi aiki amma adadin ya danganta da wuri da shekaru, kuma tana sa zazzaɓi. Tace "Yaya to ai kin gama, me ya rage?" Nace ko farawa banyi ba. Wannan kifewar tana da amfani sosai, in kika kasa faɗin abun da takarda take magana akai a jimla uku bayan kin leƙa ta to ki sake zagayawa, kada ki shiga karatu tukunna.

Abu na ƙarshe a daren shine kalmomi. Duk kalmar da na gani tana maimaituwa a kanu da jadawali na fitar da ita na nemi ma'anarta tun kafin karatu, ba kowace baƙuwar kalma ba, masu maimaituwa kawai. Misali lambobi biyun nan da suke sakawa cikin baka bayan kowane kashi, kamar 71 zuwa 79 a bayan 75, da 61 zuwa 74 a bayan 68, tazara ce da ke nuna inda ake kyautata zaton ainihin adadin yake, in tazarar ta matse lissafin yafi ƙarfi, in ta buɗe da yawa sai ayi hattara. Da Matrix-M, wanda ba shine ainihin allurar ba, sinadari ne da ake haɗawa dan ya zaburar da garkuwar jiki, kamfanin Novavax ke yinsa. Da na san waɗannan tun da dare, washegari basu tare min hanya ba.

Karatun kansa da safe nayi shi bayan asuba kafin gida ya tashi, kuma ba daga shafin farko na faro ba, tambayoyina na bi. Na fara da abubuwan da aka auna, dan kashi 75 bashi da ma'ana sai kinsan 75 na mene. Ashe kafin su ƙirga yaro a matsayin ya kamu sai yana da zafin jiki 37.5 ko sama, ko anyi zazzaɓi cikin awa 24 da suka wuce, sannan an ga ƙwayar cutar a jininsa fiye da 5,000 a kowace maikurolita, wato ɗan mitsitsin ma'aunin jini, kuma babban abun da suka auna shine kamuwar farko cikin wata 12. Sai na koma yadda akayi allurar, sau uku da tazarar sati huɗu huɗu, sai ta ƙarfafawa bayan wata 12 da ta ukun, yaran ɗaya ɓangaren kuma ba ruwa aka yi musu ba, allurar rigakafin cizon mahaukacin kare aka yi musu, wato suma sun ƙaru da wani abu. Sannan na zo kan tambayata babba, ta rabuwar lambobi. Wurare biyar ne, biyu daga ciki, Nanoro a Burkina Faso da Bougouni a Mali, an yi wa yara allurar ne gab da damina kafin sauro ya tashi, anan aka samu kashi 75. Sauran ukun, Dande a Burkina Faso da Kilifi a Kenya da Bagamoyo a Tanzaniya, ba'a ɗaura allurar da damina ba, anan aka samu 68. In kuma aka ware ƙananan, 'yan wata 5 zuwa 17, sai adadin ya hau, 79 a wuraren damina, 75 a sauran.

Toh kunga inda maganar take. Mu a Kebbi damina ɗaya muke da ita kuma maleriyarmu da ita take tashi, yanayinmu yafi kama da na Mali da Burkina, amma tsarin da aka bamu na watannin haihuwa ne, wata 5, wata 6, wata 7, sai ta huɗu a wata 15 lokacin da ake dawowa allurar ƙyanda ta biyu. Yanayi irin na waɗancan, jadawali irin na waɗannan, yaranmu kuma ƙananan ne waɗanda allurar tafi kamawa. Dan haka ni a ra'ayina bai kamata ma'aikaci ya tsaya gaban mata yace kashi 75 ya rufe baki ba, kuma bai kamata a fassara shi da cewa yara 75 cikin 100 sun rabu da maleriya har abada ba, abun da yake nufi shine in a cikin yaran da ba'a yiwa ba an samu kamuwa 100, a cikin irinsu da aka yiwa sai a samu wajen 25 a wannan shekarar. Akwai wata lamba da tafi 75 ɗin shiga raina, a wuraren damina allurar ta rage kamuwa 868 a duk yara 1,000 cikin shekara, a sauran wuraren 296. Duk wacce ta taɓa riƙe yaro yana jijjiga ana neman jijiya tasan me 868 ke nufi. Sun kuma faɗa da kansu cewa ƙarfin allurar yana ɗan raguwa a cikin shekarar, shi yasa ta huɗun ba ta wasa bace.

Maganar zazzaɓi ma na same ta inda na sa alama. Kashi 46.7 na yaran da aka bi diddiginsu bayan allura sunyi zazzaɓi, kashi 18.6 sunyi ciwon wurin allura, babu yaron da aka danganta rasuwarsa da allurar. Tun a leƙe na zagaye 1,615 da ke gefen waɗannan lambobin saboda bai yi daidai da sauran adadin ba, a karatu na gane wani ɓangare ne na yaran da aka yiwa R21, kusan rabinsu, aka bi sosai a kwanakin farko bayan allura. Kusan rabin yara suyi zazzaɓi ba ƙaramin abu bane a wurin uwa, musamman da akace allurar ta maganin zazzaɓi ce, in baki gaya mata tun farko ba ta koma gida jikin yaro yayi zafi da dare to kin rasa ta, kin rasa kishiyarta da maƙwabciyarta. Sashen lissafi kuwa na bi ta kansa da ido kawai, babu tambayata ko ɗaya da ke buƙatarsa, kuma ban ga laifi a hakan ba, wanda zai yi bita dan jarrabawa ko yake rubuta nasa binciken shi dole ya zauna akansa.

A mitin fallen tambayoyin nan na riƙe ba maƙalar ba, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Muka tsaya akan abun da zamu dinga faɗa wa mata, cewa allurar tana rage kamuwa sosai amma bata hanawa gaba ɗaya, gidan sauro yana nan, maganin damina da ake rabawa gida gida yana nan, in jiki yayi zafi bayan allura kada a tsorata amma in ya wuce kwana biyu ko yaro yaƙi nono ko yayi jijjiga a kawo shi da gaggawa, kuma sau huɗu ne ba sau ɗaya ba. Wani abokin aikinmu ya ɗaga hannu yace "Sista naji ance kamfanin ne ya biya kuɗin binciken", nace haka ne Malam, suma basu ɓoye ba, na buɗe masa shafin ya gani da idonsa, muka yi maganar ƙuri'a da rufe ido da dalilin da yasa ake yinsu.

Akwai abu ɗaya da nake so in ja kunne akai, saboda bayan mitin wata ƙaramar ma'aikaciyarmu tazo tace "Anti koya min wannan dabarar, naga ta fi sauri", kuma na fahimci abun da take so shine hanyar da zata gujewa karatun. Leƙe baya maye gurbin karatu. Da a leƙe na tsaya da na shiga mitin da lambobi huɗu a hannu bansan wanne ne na wa ba, da bansan ma'anar kamuwa a wurinsu ba, da bansan 1,615 su waye ba. Matsalar da ke damunmu a guruf guruf na WhatsApp kenan, mutum ya karanta kai da layi biyu ya tura wa mutum ɗari harda sharhinsa. Amfanin leƙen shine ya nuna miki ko takardar ta cancanci lokacinki, ya baki tambayoyi, ya nuna miki inda zaki rage gudu. Wani lokacin ma sakamakonsa shine ki ajiye takardar, ki ga ashe ta 2012 ce an sake yaɗa ta, ko akan manya akayi ke kuma yara kike nema, ko babu sunan marubuci babu inda aka buga, kin tsira da awa biyu da datarki.

Na zaunar da ita da wata takardar umarni da aka turo mana akan ajiyar allurai a firji, shafi shida, nace kada ki karanta, duba kwanan wata da wanda ya sa hannu, karanta kanu, duba jadawalin, rubuta min tambaya uku. Tambayarta ta farko itace wace allura ce daskarewa ke lalatawa kuma a wane ɓangaren firjin za'a ajiye ta, ta nuna min da yatsa shafin da take zaton amsar tana ciki, nace to fara daga nan.